Shekarar Da Na Cire Sunan Malam

Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar ni da Baba Habibu na Shahuci muna gaisawa a tsaye, kamar mutanen da suka haɗu a layin asibiti. Manyanku za su iya tuna lokacin da ba haka abin yake ba, lokacin da duk Juma'a idan an sauko daga masallaci zai biyo ta Jakara ya zauna a zauren nan, ya ci dambun mahaifiyarku yana kushe shi, ya kuma nemi ƙari. Ƙananan kuwa ba su san komai ba sai abin da suka tsinta a bakin 'yan unguwa. Na ji an ce neman aure ne ya raba mu. Na ji an ce kujerar shugabanci ce. Har an ce wai a kan wani fili ne a Ƙofar Ruwa, ni da ban taɓa mallakar ko taku ɗaya a can ba. Duk ba haka ba ne. Takarda ce ta raba mu, shafi ashirin da huɗu, kuma laifin nawa ne. Ina so ku ji daga wajena tun hannuna yana iya riƙe biro.

Kakanku, wanda kowa a Jakara yake kira Malam, muhuti ne, wato malamin da yake zama gefen alƙali yana duba masa littafi. Idan ya dawo daga kotu ya ci abinci, yana da wata al'ada: sai ya ɗauko takarda da tawada ya rubuta shari'ar da aka yi a ranar, da hujjar da aka kafa, da abin da shi yake gani idan ya saɓa wa alƙali. Bai damu da manyan shari'u ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne rigimar maƙwabta a cikin birni: katangar da gida biyu suke tarayya a kanta, tagar da take leƙa tsakar gidan wani, da indararon da yake zubar da ruwan soro a lungun da ba naka ba. Ya bar gafaka uku cike da waɗannan, a cikin adakar da take ɗakina har yau. Habibu kuwa jikan fatake ne 'yan Gadamus, ubansa ya kawo shi wajen Malam yana ɗan shekara bakwai, muka yi karatu a kan tabarma ɗaya. Shi mai saurin ganewa ne da saurin dariya. Ni ina da nauyin baki da yawan kallo. Ya wuce jami'a ya zama dakta a fannin shari'a, ni kuma na tsaya ina koyarwa a wata kwalejin shari'a, kuma ban taɓa ce wa kowa abin yana yi mini ciwo ba.

Gara in faɗa muku halina tun yanzu, ko da yake kun san shi. Ni mutum ne mai zargi. Idan mutum ya gaishe ni yau da fara'ar da ta fi ta jiya, sai in wuni ina tunanin me yake nema. Halin dangin uwarmu ne, ni da Yaya Binta muka kwashe shi kaf, ba mu rage wa kowa ba. Wata rana Habibu ya ce da ni, yana wanke hannu, ya kamata a fito da takardun Malam duniya ta amfana. Magana ce ta ɗalibi mai son malaminsa. Ni kuwa abin da na ji shi ne, Dakta ya ƙyalla ido a kan adaka, yana so ya ƙara wa sunansa tsawo da gumin ubana. Daga ranar na sauya wa adakar kwaɗo.

A shekarar da nake ba ku labari aka kawo sabuwar doka a kwalejinmu, cewa babu wanda za a ƙara wa girma sai ya buga maƙala a mujallar ilimi, irin wadda masana suke tantancewa kafin a buga. Na fi kowa yi wa dokar ba'a. A ɗakin malamai, da zauren nan, da gaban Habibu, na sha cewa ni ba zan rubuta wa mutanen da ban san iyayensu ba su auna mini ilimi, ijazar da Malam ya ba ni ta ishe ni. Amma da na ga yaran da na koyar suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, sai na buɗe adaka a ɓoye. Na zaɓi shari'un indararo, domin a nan Malam ya fi nuna gwaninta. Yana da wani ra'ayi da ban gani a wani littafi ba: idan indararon gidanka ya shekara da shekaru yana zuba a wajen maƙwabcinka bai yi magana ba, ka sami haƙƙi, amma ranar da ka rushe soron ƙasa ka yi rufin kwano, haƙƙin ya faɗi, domin soro yana shan ruwa ya sake shi a hankali, kwano kuwa watso shi yake yi gaba ɗaya, cutarwar da maƙwabci ya yarda da ita ba ita ce wannan ba. Wata bakwai na yi ina juya wannan zuwa Turanci. Da na zo buga shi a kwamfuta, shago biyu na raba wa aikin, wannan na ba shi shafi na ɗaya da na uku da na biyar, wancan na biyu da na huɗu da na shida, don kada wani ya karanta ya gane ya sayar wa wani. Mahaifiyarku ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce masu shagon ko sunan indararo da Turanci ba su sani ba.

Mujallar ma da gangan na zaɓo ta nesa, ta wata jami'a a kudu, inda nake ganin ƙafar Habibu ba ta kaiwa. Na buɗe maƙalar yadda aka koya mana buɗe kowane rubutu: na ambaci sunana, na ce na karɓo wannan ilimi daga mahaifina, shi kuma daga malaminsa wane, shi kuma daga wane, har mutum biyar. A wajenmu wanda ya faɗi mas'ala bai faɗi inda ya samo ta ba, ba a ma tsayawa sauraronsa. Bayan sati uku sai ga ambulan ya dawo da aikina, da 'yar takarda daga ofishin edita. Cikin ladabi suka ce ƙa'idarsu ita ce marubuci ya cire sunansa, da duk wani abu da zai sa a gane shi, domin masu tantancewa ba sa sanin wanda ya rubuta, shi ma ba zai san su ba. Na karanta wannan a tsakar gida, Yaya Binta tana nan ta zo wuni, tana tsinke zogale tare da mahaifiyarku.

Yaya ta ce, "Sake faɗa in ji. Ka cire sunanka, ka ba wa wanda ba ka sani ba?"

Na ce, "Haka suka ce, Yaya. Wai don a yi adalci."

Ta ce, "Adalcin ƙaniya. Ƙadiru, kai da karatunka? Tun muna yara, takardar da ta zo babu suna ta mece ce? Ta sharri ce. Ita ake jefa wa Hakimi a zaure idan ana so a tsige mai unguwa. Yanzu kai za ka goge sunanka da hannunka, gobe wani ya rubuta nasa a wurin, ka kai ƙara wajen wa?"

Mahaifiyarku ta ce, "Alhaji, ga Baban Shahuci nan, aikinsa ke nan. Ka nuna masa mana, ya gaya maka abin da ake cirewa da abin da ake bari."

Yaya ta ce, "Shi ne ma na farkon wanda ba za a nuna wa ba."

Na ji daɗin maganar Yaya, domin abin da yake zuciyata ta faɗa. Da na bi shawarar mahaifiyarku, da a cikin minti biyar Habibu ya gaya mini sunana kawai ake so in cire, in ambaci Malam a ƙasan shafi kamar yadda ake ambaton kowane malami, ba tare da na ce ubana ne ba. Amma ni na zauna na yi lissafina ni kaɗai. Na ce duk wanda ya ga sunan Malam ya gan ni, don haka sunan Malam ma yana cikin abin da zai sa a gane ni. Kuma can ƙasan zuciyata akwai wani dalilin: idan na faɗi sunansa da unguwarsa, na nuna wa duniya inda adaka take. Na ɗauki jan biro na bi maƙalar daga farko har ƙarshe. Duk inda sunan kakanku yake na soke shi, na rubuta "wani tsohon ma'aikacin kotu a wani birni na Arewa." Na mayar da ita gidan waya, ban gaya wa kowa ba sai su biyun nan.

Wata biyu ko uku bayan haka, wata Juma'a cikin damina, Habibu ya zo kamar kullum, sai dai bai kushe dambu ba. Ya ci kaɗan ya ture kwano. Yana ta kallon ƙofar da take shiga cikin gida.

Ya ce, "Ɗan Malam, takardun nan suna nan kuwa?"

Na ce, "Waɗanne?"

Ya ce, "Haba. Gafakokin Malam. Ka taɓa ba wa wani aro? Ko wani ya zo ya duba?"

Na dube shi, ya kawar da kai, abin da ba halinsa ba. Nan take zuciyata ta ce, ka gani ko, ya dawo, kewayo yake yi. Sai na yi niyyar in kashe masa kwaɗayin gaba ɗaya, in nuna masa an riga shi.

Na ce, "Ai kuwa bara wani mai bincike ya zo, baƙo ne, ya are su kwana biyu ya yi musu hoto."

Ya ce, "Inna lillahi. Wane ne? Daga ina?"

Na ce, "Na manta sunansa."

Ya ce, "Ka manta sunansa." Sannan ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya nemi takalmansa tun la'asar ba ta yi ba.

Wallahi babu wani baƙo. Tun rasuwar Malam babu hannun da ya taɓa gafakokin nan sai nawa. Na yi ƙarya a zauren ubana, ga mutumin da muka haddace littafin Risala tare, kuma da ya fita har wani daɗi na ji, na shiga gida na gaya wa mahaifiyarku na toshe wata kafa. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da kwashe kwanuka.

Amsar mujalla ta iso bayan sallar layya. Takardu biyu ne daga masu tantancewa, duk babu suna, an rubuta wa ɗaya "na farko" ɗaya "na biyu". Na farko rabin shafi ne, ya yaba, ya ce a gyara wasu waƙafi a buga. Na biyu shafi shida ne cif. Ya fara da cewa aikin yana da daraja ƙwarai, sannan ya juya. Zan fassara muku wurin da na haddace, don na karanta shi ya fi sau ɗari. Ya ce: waɗannan hukunce-hukunce ba na wani ma'aikacin kotu marar suna ba ne, na marigayi Malam Isiyaku Muhuti na Jakara ne a birnin Kano, kuma marubucin ya san haka. Wanda ya kwashi ilimin malami ya binne sunansa ya yi sata, ko da bai ce shi ya ƙirƙira ba. Kada a buga wannan maƙala har sai marubucin ya bayyana yadda takardun suka zo hannunsa, da izinin wa, ya kuma mayar da sunan mai su a kowane wuri da ya cire shi. A ƙarshe ya ƙara wani abu. Ya ce marubucin bai ma san cewa a ƙarshen rayuwarsa Malam ya sassauta ra'ayinsa a kan rufin kwano ba, ya ce idan mai gida ya sa bututu ya sauke ruwan har ƙasa, haƙƙinsa yana nan.

Wannan magana ta bututu ba ta cikin gafaka ko ɗaya. Malam bai rubuta ta ba. Da baki ya faɗe ta, yana kwance a kan buzunsa a rashin lafiyarsa ta ƙarshe, kuma mutum biyu ne a wurin: ni da Habibu. Ashe mujallar kudun da na guje masa zuwa gare ta, da suka ga aikin a kan fiƙihun Malikiyya ne da al'adar birni, sai suka nemi masani a Kano, suka aiko masa. Na zauna a bakin gado. Habibu ya kira ni ɓarawo. Ɓarawon ubana. A rubuce, a gaban baƙi, kuma ya ɓoye sunansa.

Ku lura da kyau, domin a nan ne na ɓata. Duk abin da mai hankali yake buƙata yana gabana. Mutumin nan ya zo har zaure ya tambaye ni, na ce masa baƙo ya yi wa takardun hoto. Na sha rantsuwa a gabansa ba zan taɓa rubuta wa mujalla ba. Me zai ɗauka? Amma zargi ba ya barin mutum ya jera abubuwa yadda suke. Ni abin da na jera daban ne. Na ce ya gane ni sarai, tambayar da ya zo yi ta tabbatarwa ce. Na ce ya ga zan kamo shi, shi ya sa ya tare hanya. Na ce so yake in janye, bayan shekara biyu ya fito da nasa littafin a kan Malam. Har yabon da ya yi a farkon takardar na ce na munafunci ne. Yaya Binta da ta ji, sai ta tafa hannu.

Ta ce, "Ban gaya maka ba? Mutum ya ci tuwon gidan nan shekara arba'in. Dama ni tun yana yaro ban yarda da wannan dariyar tasa ba."

Mahaifiyarku ta ce, "Alhaji, daga nan zuwa Shahuci tafiyar minti nawa ce? Ka sa hularka ka je ka ce masa kai ne. In ya san kai ne, ka gani a fuskarsa. In bai sani ba, ka gani."

Na ce, "In je in durƙusa masa ke nan."

Ta ce, "Ka je ka gaya masa gaskiya dai. Ƙaryar baƙon nan da ka yi, ita ce take bin ka."

Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba, na ce kada ta ƙara sa baki a maganar maza. Ba ta ƙara ba kuwa, har ta koma ga Allah. Maimakon Shahuci sai na rubuta wa edita, na ce ina so a gaya mini sunan mai tantancewa na biyu. Ya amsa da cewa ba sa yin haka, kuma ya ƙara da wata magana da ta kamata ta sanyaya mini zuciya. Ya ce shi ya san sunana, ya kuma lura da unguwar da nake, yana zaton akwai bayani mai sauƙi. In rubuto layi biyu in faɗi dangantakata da mai takardun, in mayar da sunansa, za su buga a fitowa ta gaba. Ƙofa a buɗe take, har an riƙe mini ita. Ni kuwa sai na ce, wato shi ma editan da shi aka haɗa baki, so suke in sa hannu a kan cewa na yi laifi, su ajiye a fayil. Na rubuta layi biyun, amma na janyewa ne. Na karɓo maƙalata na jefa ta cikin adaka. Ƙarin girman da ban samu ba ke nan har na yi ritaya, kuma sunan Malam bai shiga mujallar kowa ba.

Ban yi faɗa da Habibu ba. Mu mutanen cikin birni ba ma faɗa irin wannan, janye jiki muke yi. Na sauya masallacin Juma'a, na riƙa wucewa gidan wani abokin aikina har magariba. Juma'a uku a jere Habibu yana zuwa ya zauna a zauren nan shi kaɗai, a kai masa abinci, ya ci, ya ce a gaishe ni. Ta huɗu bai zo ba. Bayan wata guda ya tare ni a wajen wata jana'iza a bakin kasuwar Kurmi, ya riƙe hannuna bai saki ba.

Ya ce, "Ɗan Malam, na yi maka wani abu ne?"

Na ce, "Me ka gani? Babu komai, Dakta. Hidima ce ta yi yawa."

Ban taɓa kiransa Dakta ba sai da wasa. Ranar ya ji babu wasa a ciki, ya sakar mini hannu. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Ya zo ɗaurin auren 'yar'uwarku Sadiya, na je na 'ya'yansa, muna gaisawa a tsaye. Duk shekara ina sauraron fitowar littafinsa a kan Malam, in je shagunan littattafai in duba, don in ce wa mahaifiyarku kin gani. Littafi bai fito ba. Maimakon in ce na yi kuskure, sai na ce tsoro ya ji.

Wata safiya bayan na yi ritaya, matarsa Hajiya Zainabu ta aiko cewa jikinsa ya yi tsanani, kuma yana kiran sunana. Na yi kwana biyu ina juya maganar, ina tunanin ko so yake ya wanke kansa a gaban shaidu. Rana ta uku na tafi da hantsi. Na same shi a ɗakin soro na ƙasa, an jingina shi da matasai, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Da ya gan ni sai ya yi wannan dariyar tasa, ko da yake rabin bakinsa ne kawai ya motsa. Ya sa aka ba mu wuri.

Ya ce, "Zauna kusa, muryar ta tafi. Akwai amanar da na riƙe, ta aiki ce, an hana mu faɗa. Amma yanzu wa zai kore ni? Ka tuna baƙon nan da ya yi wa takardun Malam hoto?"

Na ce na tuna.

Ya ce, "Ya rubuta su. Ya aika wa wata mujalla a kudu, Allah da ikonsa aka turo mini. Ɗan Malam, da ka ga abin da ya yi. Hukuncin indararo, da na katanga, duk ya kwashe, ya ce wai na wani ma'aikacin kotu ne. Malam fa! Wani ma'aikacin kotu! Kwana uku ban iya cin abinci ba. Na rubuta musu abin da ban taɓa rubuta wa kowa ba. Na tare shi, bai buga ba, ya gudu da kayansa. Duk abin da na yi a jami'a, wannan ne kaɗai nake ganin zan iya nuna wa Malam."

Na ce, "Allah ya saka da alheri." Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Ya ce, "Na san kunyar abin ce ta sa kake guduna, don kai ka ba shi aron. Na so in ce maka ba komai, kowa yana iya yarda da baƙo, sai na ga in na tayar da maganar zan ƙara maka ciwo. Na ce bari in bar ka, za ka dawo da kanka. Ban san za ka daɗe haka ba."

Ya nemi ruwa, na ba shi, ya zubo masa a gemu na goge masa da hannun rigata. A nan ya kamata in faɗa. Kalma biyu ce, ni ne. Na buɗe baki, sai ya riga ni.

Ya ce, "Saura abu ɗaya, shi ya sa na ce a kira ka. Ranar da na fara karanta takardar nan, kafin in zo wajenka, Shaiɗan ya raya mini ko kai ne. Minti ɗaya, wallahi bai fi ba. Sai na yi a'uziyya, na ce ɗan Malam ko za a yanka shi ba zai soke sunan Malam ba. Amma dai na zarge ka, kuma ban taɓa gaya maka ba. Ka yafe mini."

Yana riƙe da yatsuna, yana jira, idonsa a kaina. Na duba fuskar nan ina neman alamar ko gwada ni yake yi, don har a wannan lokacin halin bai sake ni ba. Babu komai a cikinta sai roƙo.

Na ce, "Na yafe maka."

Ya ce alhamdu lillahi, ya lumshe ido. Bayan kwana tara aka yi masa sutura, ni na shiga kabarin na karɓe shi.

Na yi ta gaya wa kaina cewa tausayi ne ya rufe mini baki, don kada in ƙwace masa abu ɗaya da yake alfahari da shi yana bakin tafiya. Wataƙila akwai wannan. Amma na san kaina, kuma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya a littafin nan ba: tsoro ne. Na ji tsoron yadda zai dube ni. Idan kun gama karanta wannan babi, Sadiya ta kai shi Shahuci ta ba wa 'ya'yansa, kada a gyara ko kalma ɗaya. Su sani ubansu ya zarge ni na minti ɗaya, ya kasa mutuwa sai da ya nemi gafara. Ni na zarge shi shekara goma sha ɗaya, na zauna a bakin gadonsa, na ce na yafe masa.